Hatimin Mai Kwalba

Dutsen guga ya yi zafi har yana ƙauri, amma Umma ba ta fasa ba. Sau uku ke nan tana bin wuyan farar rigar Yaya da shi, kamar a wuyan riga ake ɗaukar mutum aiki. Mai rigar yana zaune a kujerar falo, takardu a cinya, yana kaɗa ƙafa. Auta kuma tana gefe da tulin littattafan 'yan ajinta, don malamar firamare ce, sai dai jan bironta ya daɗe a tsaye a kan shafi guda.

"Umma, ki bar gugar nan haka," in ji Yaya. "Kamfanin nan ba riga suke so ba. Wasiƙa suke so."

"Wace irin wasiƙa kuma? Duk takardun nan naka ba su ishe su ba?"

"Shaida daga wani ɗakin gwaji, cewa na yi wata shida ina aikin da hannuna. In babu ita, ko intabiyu ba za su kira ni ba. Kuma sati biyu kacal suka bayar."

Shekara uku ke nan da Yaya ya gama jami'a, inda ya karanci ilimin sinadarai, ya fito da sakamakon da babu na sama da shi. Farfesa abokansa suke kiransa. To amma a shekara ta uku akan tura kowane ɗalibi horon wata shida a wurin aiki, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum. Yaya ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya zauna a laburare yana haddar darussan shekarar ƙarshe, ya cika littafin da ka, wani abokin kawunsu ya buga masa hatimin wani ƙaramin kamfani da yanzu ya daɗe da rufewa. Umma ta sani, Auta ta sani. Baba kaɗai, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, shi ne ba a gaya wa ba.

Akwai kuwa wani ɗan ajinsu da ya yi nasa watannin a ɗakin gwajin ruwan sha. Kullum a gan shi da akwatin kwalabe yana bin famfuna da rijiyoyin burtsatse, har Yaya da bakinsa ya raɗa masa suna Mai Kwalba, sunan ya bi shi. Sakamakonsa tsaka-tsaki ne. Amma ranar da ya gama, ɗakin gwajin nan suka riƙe shi, yanzu har shi ne mataimakin shugaba. Kuma shi ne yake neman auren Auta. An yi magana, an amince, tsayar da rana kawai ya rage.

Umma ta kife dutsen guga, fuskarta ta washe. "To ai abin ya zo da sauƙi! Ba ga surukinmu ba?"

Auta ta ajiye jan bironta. Ta san mutuminta.

Da la'asar Mai Kwalba ya zo, kamar yadda ya saba kowace Asabar. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ba Yaya hannu. "Farfesa, ya gari?"

"Ga mu dai, Mai Kwalba. Mu ai garin ne yake cinmu."

Umma ba ta bari shayin da Auta ta kawo ya huce ba. Ta zayyana masa buƙatar, ta ƙare da cewa, "Layi biyar ne, ɗana. Ka sa hannu, ka buga hatiminka, shi ke nan."

Ya ɗago kai daga kofin da ke hannunsa. "Umma, ki gafarce ni. Ba zan iya rubuta cewa ya yi aiki a wurinmu ba, tunda bai yi ba."

"Ikon Allah! Takarda ce fa, ba jininka na ce ka tsiyaye masa ba!"

"Kamfanin nan ruwan roba suke yi, Umma, har asibitoci suke kai wa. Wanda za su ɗauka, shi zai riƙa cewa wannan ruwa a sha, wannan a zubar. Farfesa ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, wallahi na sani. Hannu ne bai saba ba. Ya zo wurinmu ya yi wata shida, ni zan roƙi Dakta shugabarmu. Ranar da ya gama, wasiƙar da zan rubuta masa ta fi layi biyar."

Yaya ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni? In zo in wanke maka kwalabe? Ka manta wa ya riƙa yi maka bita ana gobe jarrabawa?"

"Ban manta ba. Shi ya sa nake so in rama."

"Sati biyu aka ce, malam, ba wata shida ba!"

"Wani aikin zai zo—"

"Au!" Umma ta katse shi. "Wa'azi za ka yi mana a falona? Shekara uku yaron nan yana zaune, ƙannen bayansa suna wuce shi a titi cikin motar ofis, ina kallo. Kai da za ka zama ɗan gida, yau rana ɗaya aka nemi abu a wurinka! To tunda haka ne, maganar rana a jingine ta. Tashi ka ba ni wuri."

"Umma!" Auta ta miƙe.

"Ke kuma rufe mini baki!"

Ya ajiye kofin a hankali, ya sake durƙusawa ya yi sallama. Ko amsawa ba a yi ba. Da Baba ya dawo, abin da Umma ta gaya masa kawai shi ne yaron ya yi mata rashin kunya. Baba mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "A bari rai ya huce tukuna."

Ran bai huce ba. Kwana takwas gidan ya zama kamar ana zaman makoki. In Auta ta gaida Umma, sai ta amsa wa bango. In ta zuba wa Yaya abinci, sai ya ture. Ran na tara, tana shirin fita makaranta, ya tare ta a zaure da wata takarda a ambulan.

"Na buga ta da kaina. Sa hannunsa ma na yi, tun muna aji na iya shi. Hatimi kawai ya rage, kuma ke kaɗai kike shiga ofishinsa ba a tambaye ki ba."

"Yaya, sata fa kake cewa in yi."

"Tawada ce, Auta! Ɗigon tawada! Ba wanda zai bincika, su waɗannan wasiƙun a fayil suke jefa su. In na samu aikin, Umma ta huce, a tsayar miki da rana. Filis, don Allah, ƙanwata. Ban taɓa roƙonki komai ba." Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya da sauri. Tunda take ba ta taɓa ganin hawayen Yaya ba.

Da aka tashi makaranta ta biya ta ɗakin gwajin. Wuri ne mai sanyi, mai warin maganin wanke-wanke. Dogayen tebura farare, firiji biyu suna ƙugi, kwalabe jere kowace da lambarta da sunan rijiyar da aka ɗebo ta. Ta hango shi ta gilas cikin farar rigar aiki da safar hannu, yana ɗaga wani ɗan faranti na gilas yana ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro a kai. Da ya gan ta, fuskarsa ta yi haske irin wanda ta kwana takwas ba ta gani ba.

"Autar Umma da kanta! An ɗage mini takunkumi ke nan?"

"Wucewa nake yi," ta ce, ba ta iya haɗa ido da shi ba.

"Shiga ofis ki zauna. Minti goma, in na bar waɗannan 'yan banzan sai in rasa inda na tsaya."

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu. Hatimin yana nan a kan 'yar katifarsa ta tawada, kusa da hoton da suka ɗauka ranar da ta gama kwaleji. Ta kalli ƙofa. Ta kalli hoton. Ta ce a ranta, ai don mu ne, don a huta. Ta zaro ambulan.

Ƙarar da hatimin ya yi a kan takardar ba ta fi ta rufe littafi ba, amma ita ji ta yi kamar duk ginin ya ji.

Da ya shigo yana goge hannu, ya ce, "Lafiya? Kin yi gumi a cikin sanyin nan."

"Kaina ke ciwo. Zan tafi."

Har bakin titi ya raka ta, yana ba ta haƙuri a kan abin da ba shi ya yi ba.

An kira Yaya intabiyu. Umma ta sake goge farar riga, har waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Amma da azahar ya dawo fuska a murtuke, ya zube a kujera.

"Tambayoyin baki duk na cinye su," ya ce. "Har wani tsoho yana gyaɗa kai. Sai suka kai mu gaban famfo, suka ba kowa kwalba a cikin leda, wai a ɗebi ruwan gwaji. Ni kuma na buɗe, na ɗauraye ta sau biyu, na cika."

"To ai tsabta ka yi," in ji Umma.

"Kwalbar an riga an dafa ta, Umma, an kashe duk wata ƙwayar cuta, kuma akwai wani magani a gindinta da na wanke na zubar. Ba a ɗauraye ta. Famfon ake gogewa a bar shi ya zuba tukuna. Na karanta wannan, wallahi na karanta, shafin ma ina ganinsa a idona! Hannuna ne ya riga ni." Ya dafe kai. "Tsohon nan ya ɗaga wasiƙar, ya ce, 'Wata shida ka yi a ɗakin gwajin ruwa?' Sai ya rubuta wani abu a bayanta."

Kwana biyu bayan haka, Auta ta fito daga makaranta ta tarar da Mai Kwalba tsaye a bakin get, da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana wurin aiki. Yara suna ta wucewa a guje, shi ko motsi ba ya yi.

"An dakatar da ni," ya ce. "Kamfanin sun aiko wa Dakta da wasiƙar. Sa hannun ba nawa ba ne, amma ya yi kama. Hatimin kuwa nawa ne. Jibi kwamiti zai zauna. In suka ce ni ne, ba wannan aikin kaɗai ba, babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukata."

Auta ta ce, "Me... me ka ce musu?"

"Dakta ta ce wa ya shiga ofishina. Na ce ba zan iya faɗa ba." Sai a lokacin ya kalle ta. Babu faɗa a idonsa, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi. "Mutum ɗaya nake bari a ofishin nan in juya baya, Auta. Ban zo in tambaye ki ba. Na zo ne kada ki ji a bakin wani."

Ya juya ya tafi. Ta bi shi da kallo har ya ɓace.

Ba gida ta nufa ba. Shagon Baba ɗan ƙarami ne, agogunan bango sun cika shi, kowanne da lokacin da yake faɗa. Ta same shi da gilashin nan a ido ɗaya, yana tsintar wani ɗan ƙarfe da hantsaki. Ta durƙusa a gaban teburin, kuka ya ƙwace mata. Da ƙyar ta iya jero maganar, tun daga littafin horon da aka cika da ka har zuwa ƙarar hatimi.

Baba bai katse ta ba. Da ta gama, ya cire gilashin, ya rufe agogon da ɗan ƙyalle, ya ja ƙofar shago tun la'asar ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba.

A falo ya tara su. "Ashe rashin kunyar da yaron ya yi ke nan?" ya tambayi Umma.

"Malam, ɗanmu fa nake ji. Shekara uku—"

"Ni ma ɗana ne. Shekara bakwai na yi a gaban maigidana kafin ya bar ni in buɗe agogon mutane ni kaɗai. Agogo fa, wanda in ya lalace makara kawai za a yi. Wannan ruwa ne." Ya juya ga Yaya. "Ina ta zagin masu ɗaukar aiki a raina, ina cewa sun zalunci ɗana. Ashe wata shida ka ci bashin kanka, ka bar ni ina zagin mutane."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Baba, in na faɗa, sunana ya ɓaci."

"Na wani yana can yana ɓaci a madadinka. Gobe da safe ku biyun ku shirya. Ni zan raka ku."

Umma ta fashe da kuka. "Ni na ja. Ni na matsa wa yarinyar nan har ta..." Ta kasa ƙarasawa. Auta ta matsa ta riƙe hannunta, suka yi ta kuka tare.

Dakta mace ce mai furfura, gajera, mai tabarau a kan hanci. Ta saurare su a tsaye, hannu a aljihun farar riga. Auta ce ta fara magana, don ta ce ita ta buga. Yaya ya biyo baya, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu Farfesa a cikinta ko kaɗan.

"Kun san zan iya kiran 'yan sanda?" in ji Dakta.

"Mun sani, ranki ya daɗe," Baba ya amsa. "In kin kira, ba zan ce kin yi zalunci ba."

Ta kalli Baba ta saman tabarau. Sannan ta ce wa Yaya, "Za ka rubuta wa kamfanin nan da hannunka abin da ka yi, yau. Ƙofarsu ta rufe maka, wannan ka sani. Mataimakina zai dawo aikinsa, amma da takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, don hatimi ba abin bari a kan tebur ba ne. Ƙarin girman da zai samu bana ya wuce shi." Ta juya ga Auta. "Wannan ke kika saya masa."

Auta ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Suna fita suka ci karo da Mai Kwalba a baranda, an kira shi. Ya durƙusa ya gaida Baba. Yaya ya tsaya yana murza hularsa a hannu.

"Maganar wata shidan nan..." ya ce. "Tana nan?"

"Sai abin da Dakta ta ce. Zan roƙe ta. Amma ƙarfe bakwai ake zuwa, Farfesa, kuma babu albashi."

"Zan zo shida da rabi."

Auta ta jira har su Baba suka yi gaba. "Ka yafe mini," ta ce, hawaye na bin kuncinta.

"Na yafe tun a bakin get ɗinku." Sannan ya ƙara da cewa, "Yafiya daban, Auta. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya sake juya miki baya hankalina kwance. Ki ba ni lokaci. Ban ce na fasa ba, ban kuma ce a tsayar da rana ba."

Wannan karon ba Umma ce ta jingine maganar ba, shi ne. Kuma jiran da ya biyo baya ya fi na farko ɗaci, don babu wanda Auta za ta ga laifinsa. Ba ta aika masa da 'yan ban-baki ba, ba ta dame shi da waya ba. Ƙawayenta suka ce, "Ke, ki share shi mana, maza sun ƙare ne?" Ta ce su bar ta. Ranar Asabar takan gyara falo ta dafa shayi, in bai zo ba ta ba Baba ya sha. Umma da kanta ta ɗauki mayafi ta je har gidansu ta ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa, abin da duk wanda ya san Umma zai ce ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya kuwa, da Dakta ta amince ya fara horon, kullum yakan dawo da yamma yatsunsa sun yi yaushi saboda ruwa. Makon farko ba ya magana. A wata na biyu ya fara ba da labari a kan abinci, yadda ya gano dalilin da wata na'ura take ba da lamba ba daidai ba, har Dakta ta cire tabarau ta kalle shi. Da ya cika wata shida aka rubuta masa wasiƙa shafi guda cur, wani kamfanin haƙar rijiyoyi ya ɗauke shi. Albashin bai kai rabin na wancan ba, amma Yaya ya karɓa da hannu biyu.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi sallama a zaure. Auta tana shara, tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

"Yayanki ya gaya mini wani abu," in ji Mai Kwalba bayan sun zauna. "Wai ranar nan babu wanda ya tuhume ki a gida. Da kin yi shiru, ni ma da shirun zan tafi. Ke kika kai kanki shagon Baba."

"Ai na makara."

"Kin makara da kwana goma sha biyu. Na ƙirga." Ya yi murmushi. "Na yi ta tunani, wata shida. Ban taɓa neman matar da ba za ta yi kuskure ba, don ni ma ba haka nake ba. Wadda za ta tashi da ƙafarta ta je ta faɗa, ita nake so a gidana. Baba yana ciki?"

Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Daga bayan labule aka ji muryar Umma, wadda ashe tun ɗazu take tsaye a wurin: "Yana ciki! Malam, fito mana, kana ji ana nemanka!"

Wata biyu bayan nan aka ɗaura auren.

To 'yan makaranta, ku da kuke can yanzu kuna ganin wata shidan horo wahala ce ta banza, ku ji da kyau. Sakamako mai kyau abin nema ne, amma ranar neman aiki akwai inda za a karɓi takardar a ajiye gefe, a miƙo muku kayan aiki a ce bismillah, kuma a ranar babu uwa, babu ƙanwa, babu suruki da zai iya ara muku hannunsa. Ku kuma masoya, in danginku suka matsa muku ku cuci wanda ya amince da ku don a zauna lafiya, ku tuna Auta: minti ɗaya ta yi a gaban teburin nan, wata shida ta yi tana jira a sake yarda da ita. Ta yi haƙuri, ta faɗi gaskiya, Allah ya dube ta. Ba kowa ne ake dawo masa ba.